Mutumin Bayan Lasifika

Ranar da Daphisha Rynjah ta fara ganin Wanpher, faɗa ta je yi.

Ta hau matakalar katakon da ke bayan shagon masu facin taya a unguwar Mawlai, jakar kyamara a kafaɗa, ta tura ƙofar ɗakin da mahaifinta ke gwajin kiɗa, ko ƙwanƙwasawa babu. Tsohon ba ya nan. Wani saurayi ta tarar zaune kan akwatin lasifika, jitar mahaifinta a cinyarsa, yana ɗaura mata sabuwar tsirkiya a hankali kamar mai yi wa jariri wanka.

"Ina Bah Rosing?" ta tambaya, don haka duk gari ke kiran mahaifin nata.

"Ya sauka shan shayi, Kong. Ya ce minti biyar." Da Kong muke girmama mace a wurinmu, da Bah kuma namiji.

"Yaushe ya ce?"

Saurayin ya duba agogo. "Bai fi awa ɗaya ba."

Daphi ta dire jakar a kan kujera. "Ka ji ko! Minti biyar, awa ɗaya. Gobe, shekara arba'in. Haka garin nan zai ƙare muna shan shayi."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai. Idanunsa a natse, dariya na leƙowa daga cikinsu.

"Zauna, Kong, kada ki tayar mana da gobara. Benen nan duk katako ne."

Ta buɗe baki za ta mayar masa da mai zafi, sai murmushi ya riga ta.

Fushinta kuwa da dalili. Mu mutanen Shillong babu abin da muka iya kamar bugun ƙirji cewa garinmu ne gidan kiɗan rok a duk Indiya. To, Bah Rosing Mawlong ya shekara arba'in da huɗu a kan dandamali. Da waƙoƙinsa aka yi samartaka, da su aka yi aure, da su direbobin tasi ke tashin gari da safe. Amma ka ce a nuna maka wasansa guda tak da aka yi wa ɗauka ta mutunci, sai kowa ya hau sosa ƙeya. Abin da ke akwai bai wuce gutsattsarin hotunan waya ba, suna rawa, kan wani ƙato ya tare rabi. Kowa cewa yake za a yi. Ga shi tsohon ya sanar cewa wasan da zai yi a filin Polo cikin watan Nuwamba shi ne na ƙarshe, amma har yanzu za a yi ake ta yi.

Daphi ta shekara uku a Kolkata tana koyon haɗa fim, kuma ta dawo da rantsuwar cewa ba za ta zauna cikin masu za a yi ba.

Tsohon ya shigo, farin gashinsa har kafaɗa, ya tallabo kofin shayi da hannu bibbiyu.

"Auta! Ke ce a nan?"

"Ni ce, Pa. Zan ɗauki wasanka. Kyamara uku. Ba tambayarka na zo yi ba."

"Me za a yi da shi? Wanda ya ji ai ya ji."

"Jikokinka fa? Su ji me?"

"Ki fara kawo jikokin tukuna." Ya juya ga saurayin. "Wanpher, ga 'yata. Kada ka yi gardama da ita, ni ban taɓa yin nasara ba." Sai fuskarsa ta ɗan canza. "Uwarki ta sani?"

Daphi ta sunkuyar da kai ta hau gyara igiyar jakarta.

Tun tana shekara shida mahaifinta ya bar gidansu na unguwar Jaiaw. Gidan ba nasa ba ne, domin a wurinmu 'ya'ya dangin uwa suke bi, gida kuwa na 'yar auta ne, miji shi ke tarewa. Ranar da kakar Daphi take jinyar ajali, Bah Rosing yana can garin Aizawl ana yi masa tafi. Da ya dawo sai ya tarar da jitarsa da akwatinsa a bakin ƙofa. Tun daga ranar Kong Silda, mahaifiyar Daphi, ba ta ƙara ambaton sunansa ba, ko rediyo aka sa waƙarsa sai ta miƙe ta kashe.

Mako shida aka yi ana shiri, kuma a cikin mako shidan nan Daphi ta san hanyar Mawlai fiye da yadda aikin ya buƙata.

Wanpher Sohtun malamin kiɗa ne a wata makarantar firamare, da yamma kuma shi ke riƙe jita ta biyu a ƙungiyar tsohon. Ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya. Ita ta raɗa masa Sarkin Sanyi, shi ya raɗa mata Barkono. In an tashi gwaji sai su gangara shagon shayin da ke kwana, su ci jadoh, dafa-dukan shinkafa da nama, a faranti ɗaya, tana zazzaga masa lissafin duk abin da ya lalace a garin, yana saurare yana tura mata tsokar kaza gefenta.

Shi ya ba ta shawarar ta juya kyamara ɗaya ga jama'a.

"Rabin wasan Bah a ƙasa yake. In ya kai baiti na uku a waƙar hazo, sakin makirufo yake, mutane su ƙarasa. In ba ki ɗauke su ba, rabin fim kika yi."

"To kai fa? Kullum kana maƙale a bayan lasifika kamar ɓarawon kaji. Ka fito haske mana!"

"Can na fi jin sauti."

"Ƙarya kake."

"Wasan ba nawa ba ne, Barkono."

Da yammacin wata Laraba saƙonsa ya shigo wayarta:

"Barkono, yau yarana 'yan aji uku sun tambaye ni me ya sa nake murmushi ni kaɗai a gaban allo. Na ce musu wani abu mai yaji na ci. Ba su yarda ba. Ni ma na gaji da yi wa kaina ƙarya. Ina son ki. Ba sai kin amsa yau ba."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ta mayar:

"Ba sai na amsa yau ba? Har a soyayya ma sai ka kawo mana za a yi? Na amsa. Ina son ka, Sarkin Sanyi. Tun ranar benen katako."

A garinmu zance ba ya kwana a wuri ɗaya. Kong Silda tana da rumfa a kasuwar Iewduh inda take sayar da goron tauna da ganyen da ake naɗe shi, kuma duk labarin da ya shigo kasuwar nan sai ya biya ta rumfarta. Ranar da Daphi ta dawo gida ta tarar da ita a tsaye a bakin murhu, ta san an gama.

"An ce mini kina yawo da makaɗi."

"Malamin makaranta ne, Mei."

"Yana riƙe jita ko ba ya riƙewa?"

"Yana riƙewa."

"To na gama magana. Ni na auri jita sau ɗaya, ya ishi gidan nan har jikoki. Ke auta ce. Nan za ki zauna, nan 'yan'uwanki za su dawo ranar da duniya ta juya musu baya, nan za ki rufe mini ido. Mai gida irin wannan ba ta auren mutumin da tafi ne abincinsa."

"Ko ganinsa ba ki yi ba!"

"Na ga irinsa. Shekara goma sha ɗaya na kwana da irinsa."

Daphi ta kawo hujja bayan hujja, ta yi maganar zamani, ta yi maganar adalci. Kong Silda ta ci gaba da juya miya.

Bayan kwana biyu kawunta Phrang, yayan mahaifiyarta, wanda maganar auren 'ya'yan gidan ke hannunsa, ya zo da wani Aibor, injiniyan hanya, mai tsabtar takalmi da albashin gwamnati. Ba mugun mutum ba ne. Ya sha shayi, ya yaba wainar shinkafa, ya yi wa Daphi bayanin kwalta na kusan awa guda, ya ƙare da cewa fim ai abin sha'awa ne, mace takan yi shi kafin ta natsu. Bayan ya tafi, kawu ya naɗe goro ya jefa a baki.

"Lahadi ta biyu bayan wasan nan naku, kawunnan Aibor za su zo. Ki gama wasan yaranki kafin nan."

"Kawu Phrang, ni fa ban ce ina so ba."

"Ba ki ce ba kya so ba a gabansa."

"Yaushe ya bar ni na yi magana?"

Ranar wasa gari ya waye tas, babu ko ɗigon girgije, abin da Daphi ta yi mako shida tana roƙon Allah. Da ƙarfe biyu na rana filin Polo ya cika maƙil: tsofaffi da rigunan fata da suka yi musu kaɗan, 'yan mata da jainsem, tufafinmu na gargajiya, yara a wuyan iyayensu. Ta ba ƙawayenta biyu kyamara, ɗaya a gefen dandamali, ɗaya tana fuskantar jama'a, ita ta riƙe ta tsakiya a kan mahaifinta.

Da mai ganga ya buga sanda sau huɗu, tsohon ya taka gaba, sai shekaru sittin da takwas suka zube daga jikinsa. Muryar ta dushe, amma dushewar ƙara mata daɗi ta yi. Ya yi tsalle, ya zolayi mai ganga, ya manta baiti ya ƙirƙiro wani nan take. Da aka zo waƙar hazo, ya saki makirufo ya buɗe hannuwa, mutum dubu goma suka ɗauka da murya ɗaya, har Daphi ta ji ƙasa na motsi a tafin ƙafarta. Sannan jita ta shigo ita kaɗai, tana hawa, tana kuka, tana hawa, har ta kai inda numfashin filin gaba ɗaya ya tsaya.

Kafin rana ta faɗa bayan duwatsu an gama. Batir bai mutu ba, wuta ba ta ɗauke ba, sauti ya shiga tsaf. Daphi ta zauna kan ciyawa, ta rungume kyamara, ta fashe da kuka.

"Yau kuma barkono ne ke hawaye?" in ji Wanpher, yana miƙa mata ruwa.

"Rufe mini baki. An yi, Wan. Yau dai an yi."

Kwana huɗu tana tace fim ɗin a ɗakin gwaji, sai ranar Alhamis da hantsi ta kira Wanpher da wata irin murya.

"Zo ka gani."

Hoton kyamara ta uku ne, daidai baitin da jama'a ke rerawa. Can gefe, kusa da shinge, wata mata ta ja mayafinta mai zanen gidan dara ta rufe rabin fuska. Iska ta ɗaga mayafin. Kong Silda ce. Idonta a rufe, hawaye har haɓa, bakinta na bin waƙar kalma bayan kalma, ko ɗaya ba ta kuskure ba.

"Shekara ashirin!" Daphi ta miƙe tana zagaya ɗakin. "Shekara ashirin tana kashe mana rediyo! Ranar Lahadi, in kawunnan Aibor sun zauna, zan kunna wannan a gaban kowa. Sai ta gaya musu yadda ta tsani makaɗa."

Wanpher ya daɗe yana kallon hoton.

"A'a, Daphi."

"Me ka ce?"

"Ba don kyamara ta zo ba. Dubi yadda ta rufe fuska. Wannan nata ne."

"Wannan gaskiya ce! Rufa-rufar nan ita ta kashe mu a garin nan. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, sai a kira shi kunya."

"Wani shirun kunya ne, wani kuma shi kaɗai ya rage wa mutum."

"To zauna da sanyinka har a ɗaura mini aure da kwalta!"

Ta rufe kwamfutarta ta sauka, matakala na kuka a ƙarƙashinta. Tana cikin tasi saƙonsa ya iso:

"In da wannan hoton za ki same ni, zan tare a gidan da uwarki ba za ta iya kallon idona ba har ta mutu. Ba na son in shiga ta wannan ƙofar."

Ta karanta sau uku, kuma duk karatun abu ɗaya ta gani: ya janye. Ta rubuta, "Na gane. Allah ya ba ka mai sanyi irinka." Ta kashe wayar.

Juma'a ta wuce ba ta ci abin kirki ba. Ranar Asabar da safe ta buɗe kwamfuta don ta yanko wurin ta shirya shi. Ta kunna, ta mayar, ta sake kunnawa. A karo na biyar ta daina ganin hujja, ta fara ganin mace mai shekara hamsin da tara da ta rufe rumfarta ranar ciniki, ta ratsa gari ita kaɗai, ta tsaya a bayan kowa. Ta hango fuskar nan a falonsu gobe, baƙi na kallo, kawu na tauna goro.

Ta ɗauki kwamfutar ta nufi kicin. Mahaifiyarta na zaune kan 'yar kujera tana fere goron da za a tari baƙin gobe da shi.

"Mei, akwai abin da zan nuna miki."

Ta kunna. Wuƙar ta tsaya a hannun Kong Silda. Har hoton ya ƙare ba ta motsa ba.

"Wa ya gani?"

"Ni da Wanpher kawai. Na yi niyyar kunna shi gobe a gaban baƙi." Daphi ta tura mata kwamfutar. "Shi ya hana ni. Ya ce naki ne. Har mun ɓata a kan haka. Ga maɓallin nan, Mei, in kika danna ya tafi har abada."

"Ya san da wannan zai iya samunki, ya ce a'a?"

"Haka ya ce."

Kong Silda ta ajiye wuƙar, ta goge hannu da gefen zani. Ba ta taɓa maɓallin ba.

"Wuce gaba. Kai ni inda jita ke kuka."

Daphi ta kai ta. Ga mahaifinta ya cika allo, ya karkata baya, yatsunsa na gudu a wuyan jita.

"Wa ke kaɗa wannan?"

"Pa mana. Ga shi kina gani."

"Ke kike gani. Ni ji nake." Tsohuwar ta girgiza kai. "Ubanki in ya kai ƙololuwar nan sai ya zarce, kullum, don ba ya iya tsayawa inda ya kamata. Wannan kuwa ya kai ya tsaya cak. Shekara uku ke nan, duk wasan da na je a ɓoye, ina jin hannun ba nasa ba ne. Ba ki ga yadda yake riƙe kofi ba? Yatsun nan sun kumbura, ba sa kaiwa can."

Daphi ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta lalubo hoton kyamara ta biyu, wanda ta jefar gefe tun ranar farko saboda haushin Wanpher ya juya wa duniya baya ya ɓata mata ɗauka. Daga gefen nan ana hango hannunsa ta tsakanin lasifika biyu. Ga tsohon ya murɗe sautin jitarsa ya kashe shi da ɗan yatsa kafin ya taka gaba. Ga Wanpher a cikin inuwa, kansa a sunkuye, yana fitar da kowane sauti da filin ya mutu a kai. Da tafi ya ɓarke, tsohon ya ɗaga jita sama, shi kuwa ya durƙusa yana gyara waya a ƙasa kamar ba shi ba.

Kyamara uku, da karatun shekara uku, amma sai da mai sayar da goro ta nuna mata abin da ta ɗauka.

"Bai taɓa gaya mini ba," in ji Daphi a hankali.

"Da ya gaya miki ai da ba shi ba ne." Kong Silda ta ja dogon numfashi. "Ni miji na kora, Auta, ban kori waƙa ba. Ubanki ba mugu ba ne, amma bai taɓa iya tsayawa a bayan kowa ba, ko na minti ɗaya. Abin da na ji miki tsoro ke nan. Mutumin da zai kaɗa wannan, mutum dubu goma su tafa wa wani, shi ya durƙusa yana gyaran waya... wannan zai iya zama a gidan auta." Ta ɗauki wuƙarta. "Kira shi. Ki ce ya zo da yunwarsa."

"Mei!"

"Kada ki shaƙe ni, wuƙa ce a hannuna."

"To hoton naki fa?"

Tsohuwar ta saci kallon allon. "Bar shi. Amma ki cire wurin da nake share hanci. Na yaron kuwa ki mayar inda kika samo shi. Shi ma nasa ne."

Daphi ta kunna waya. Saƙonni bakwai suka shigo a jere, na ƙarshe yana cewa:

"Barkono, ban ce na fasa ba, cewa na yi a nemi wata ƙofar. Gobe da sassafe zan zo in tsaya a ƙofar gidanku har Mei ta fito, ko da tsintsiya za ta fito."

Ta yi dariya da hawaye ta rubuta:

"Ba sai gobe ba. Ta ce ka zo yanzu, da yunwarka. Na ga kyamara ta biyu, Wan. Ka yafe mini. Kuma don Allah, yau kaɗai, ka yi sauri."

Minti ashirin ya yi daga Mawlai zuwa Jaiaw, maɓallin rigarsa a karkace. Kong Silda ta dube shi daga sama har ƙasa, ta zuba masa shinkafa, ta tsaya a kansa har ya cinye, ta ƙara masa.

"Kana wanke kwano?"

"Ina wankewa, Kong."

"In ana jinya a gidan nan, aka kira ka wasa a Aizawl fa?"

"Aizawl tana da makaɗa da yawa."

"Hm. Daina ce mini Kong, kamar ka zo sayen goro."

Ya dubi Daphi, ya dubi tsohuwar. "To, Mei."

Aikin da ya rage a kan kawu Phrang ya faɗa. Ya yi mita, ya ce an mayar da shi ƙaramin mutum, sannan ya ƙulle goro ya tafi gidan su Aibor ba da haƙuri tun kafin rana ta yi. Ya dawo yana mamaki: injiniyan da kansa ya raka shi har titi, ya ce dama tun ranar nan yake tunanin yadda zai rayu da matar da ke kallonsa kamar ramin hanya.

An nuna fim ɗin a watan Janairu, kwana tara a jere zauren na cika. Da fuskar Kong Silda ta fito, matan Iewduh suka ɗauki guɗa, ita kuwa ta zauna ƙyam kamar ba ita ba. A layin gaba wani tsoho mai farin gashi ya sa hannu bibbiyu ya rufe fuskarsa. Hoton kyamara ta biyu bai fito ba, kuma Daphi, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta yi shiru da wannan da zuciya ɗaya.

Aka ɗaura auren a watan Fabrairu a cocin unguwa. Bah Rosing ne ya riƙo hannun amarya har gaban fasto. Da suka zo wucewa ta gaban Kong Silda ya ɗan rusuna, ita kuma ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ba su ƙara a kan haka ba, kuma babu wanda ya nemi ƙari.

Da la'asar kawunnan ango suka rako shi Jaiaw da akwatinsa guda. Kong Silda ta tarye su a tsakar gida, ta sa ango da amarya suka durƙusa, ta ɗora hannu ɗaya a kan kowannensu.

"Allah ya zaunar da ku lafiya a ƙarƙashin rufin nan. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ko da uwarsu ba ta ji ba. Ke, ya rage miki wuta. Kai, ya ƙara maka kaɗan. Wanda ya shigo gidan nan da yunwa kada ya fita da ita, wanda ya shigo da kuka kada ya fita da shi."

Tsakar gida ta amsa da amin.

Ta ɗago surukinta, ta nuna masa kusurwar kwano ta wajen kicin.

"Ka ga can? Yoyo yake tun bara. Damina saura wata biyu."

"Litinin zan hau, Mei."

Daphi ta matso kunnensa. "Litinin ɗin gaske, ko ta garin nan?"

Ya kama hannunta ya matse. "Ke za ki riƙe mini tsani, masoyiyata. Ina na ga ta tsira?"

Kong Silda ta juya ta shige kicin don kada su ga dariyarta, ta ɗora tukunyar shayi ta mutum uku.